A Dublin aka haifi mahaifina: ina da haƙƙin fasfon Ayilan ko babu?

Dan_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman wanda ya san dokar ƙasar Ayilan ya warware mini wani ƙulli. Kakanmu ya yi karatun likitanci a Dublin a ƙarshen shekarun 1960, ya tafi da kakarmu, a can aka haifi mahaifina. Yana ɗan tatata aka dawo da shi Kano, har Allah ya karɓi abinsa bai sake taka ƙasar ba, bai kuma taɓa riƙe fasfonsu ba. Ni a Kano aka haife ni, ina da mata da yara biyu.

Wajen rabon kayan gado muka ci karo da takardar haihuwarsa a ƙasan akwatin ƙarfen Kaka, an naɗe ta cikin tsohon ɗankwali. Doguwa ce mai gida-gida, da hannu aka cike: gidan rana da wurin haihuwa, gidan suna, gidan sunan uba da inda yake zaune, gidan sunan uwa, har da gidan sana'ar uba, inda aka rubuta ɗalibin likitanci.

Na nuna wa wani mai harkar biza, ya ce ina da hanya amma sai an sa ni a wata rajista, wai sai an shekara biyu, ya yanka mini kuɗin da zai sayi fili a bayan gari. Gaskiya ne? Yarana fa? Uwarsu fa?

Mai_Shayi_Online:
Wa alaikumus salam. Malam, ai sun rufe wannan ƙofar tuntuni. Tun 2005 suka daina ba da ƙasa don an haife ka a can. Kada ka ba kowa sisi.

Likita_Galway:
Rabin maganar Mai_Shayi daidai ne, wato kada ka ba kowa sisi. Ɗaya rabin kuwa ba haka yake ba.

An yi ƙuri'ar raba gardama ranar 11 ga Yuni 2004, kusan kashi 79 cikin ɗari suka amince a gyara tsarin mulki, sabuwar dokar ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2005. Amma waɗanda aka haifa daga wannan ranar zuwa gaba ta shafa, ba ta waiwayi na baya ba. Mahaifinka ƙarƙashin dokar 1956 ya faɗo, wadda ta ce duk wanda aka haifa a Ayilan ɗan ƙasa ne tun ranar haihuwarsa. Waɗanda aka ware su ne 'ya'yan jakadu da ma'aikatan da ke da kariyar diflomasiyya, kakanka kuma ɗalibi ne.

Kai kuma, tunda a tsibirin Ayilan aka haifi mahaifinka, ɗan ƙasa ne tun ranar da aka yi maka huɗuba. Ba nema za ka yi a ba ka ba, kana da ita. Babu ruwanka da rajista. Fasfo kawai za ka nema kai tsaye, ka kawo hujjar cewa kai ɗansa ne. Rajistar da mutumin yake faɗa, Foreign Births Register, wato rajistar waɗanda aka haifa a waje, ta yaranka ce, ba taka ba.

Dan_Fagge:
Likita, Allah ya saka da alheri. Ko da bai taɓa karɓar fasfon ba? Kuma ga shi ya rasu.

Likita_Galway:
Ko da bai ma san yana da ƙasar ba. Fasfo shaida ce kawai. Rasuwarsa ma ba ta taɓa komai, Allah ya jiƙansa.

Barista_Kd:
Amin. Ina tare da Likita, sai dai akwai lungu ɗaya da ya kamata Dan_Fagge ya leƙa. Tsarin mulkin Najeriya na 1979 bai yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu ba, ya buƙaci wanda yake da wata ƙasar ya ajiye ta idan ya kai shekara 21. To idan mahaifinka ya taɓa rubuta wa Ministan Shari'a na Ayilan takardar ajiye ƙasa a hukumance kafin a haife ka, lissafin ya canza. Idan bai yi ba, a wurin Ayilan yana nan ɗan ƙasarsu, don abin da aka shigar a ofishinsu suke dubawa, ba abin da dokar wata ƙasa ta faɗa ba. Mutumin da aka dawo da shi yana goye, bai taɓa neman fasfo ba, da wuya a ce ya yi wannan. Amma ka tambayi baffanninka.

A yau kuma sashe na 28 na tsarin mulkin 1999 ya bar ɗan Najeriya na haihuwa ya riƙe wata ƙasar. Koren fasfonka yana nan daram.

Maman_Iman:
Ni abin da ya ɗaure mini kai, me ya sa suka canza dokar? Na ji ana cewa saboda 'yan Najeriya ne.

Tsohon_Dalibi_Cork:
Hajiya, ina can lokacin, abin ya yi zafi sosai. Sunan 'yan Najeriya ya yi yawo a jaridu, ba na musu, amma ba mu kaɗai ba ne. Tun ƙarshen 1989 Kotun Ƙolin Ayilan ta yanke hukunci a shari'ar Fajujonu, miji ɗan Najeriya, mata 'yar Maroko, wanda aka fahimta da cewa yaro ɗan ƙasa yana da haƙƙin zama da iyayensa. Daga nan aka riƙa ba iyayen da suka haihu a can izinin zama. A Janairun 2003 kotun ta juya a shari'ar Lobe da Osayande, ta ce haihuwar ɗa ba ta hana a mayar da iyaye ƙasarsu. Ga kuma shari'ar Chen, 'yar China da ta je Belfast, a Arewacin Ayilan da ke ƙarƙashin Birtaniya, ta haihu a 2000, 'yar ta samu ƙasar Ayilan, uwar ta dogara da wannan ta nemi zama a Birtaniya, kotun Tarayyar Turai ta ba ta gaskiya a 2004. Tun kafin wannan hukuncin gwamnati ta ce ana shiga Turai ta bayan gida, sai aka kira ƙuri'a.

Ra'ayina, an zuzuta abin fiye da yadda yake. Mutanen da su kansu suka watsu a duniya saboda yunwa da talauci, ban yi zaton za su rufe ƙofa da wannan rinjayen ba. Amma ƙasarsu ce.

Bakano_Manchester:
Mu dawo kan Dan_Fagge kafin a shiga siyasa. Matata a Dublin aka haifi mahaifiyarta, kuma daga nan Ingila muka yi mata fasfon, ta intanet. Abin da suka nema: cikakkiyar takardar haihuwarta mai ɗauke da sunayen iyaye, takardar haihuwar mahaifiyar ta Ayilan, takardar auren iyayen saboda sauyin suna, fasfonta na Najeriya, da shaidar adireshi. Na asali suke so, ba hoto ba, kuma suna dawo da su. Kuɗin fasfon babba na shekara goma Yuro 75 ne, ban da kuɗin aikawa.

Shawarata, tsohuwar takardar da ka samu a akwati ka bar ta a gida, kayan tarihi ce. Ka sayi sabuwa. Duk haihuwar da aka yi a Jamhuriyar Ayilan tana rubuce a babban ofishin rajista, General Register Office, da ke Roscommon, ana kuma yin oda ta intanet a kan Yuro 20. Suna, ranar haihuwa, wuri da sunan uwa kawai za ka ba su, duk kuwa ga su a hannunka.

Inda muka sha wuya shi ne mai shaida. Akwai takardar tantance mutum da dole wani mai muƙami ya sa hannu, irin likita, lauya, malamin makaranta, ɗan sanda ko limami, kuma ba ɗan uwanka ba. Suna kiransa a waya su tabbatar. Namu bawan Allahn ba ya ɗaga baƙuwar lamba, suka yi ta kira shiru, sai da aka sake sabuwar takarda da wani mutumin. Ka zaɓi wanda wayarsa ke hannunsa, ka kuma gaya masa za a kira daga waje.

Dan_Fagge:
Yaya Bakano, na gode. Ga wata matsalar. A takardar Dublin an rubuta sunan Baba da wani irin rubutu na Turawa, Mohamed da m ɗaya, sunan Kaka kuma aka sa masa a matsayin sunan dangi. A tawa takardar kuwa Muhammadu ne, sannan sunan unguwarmu ya biyo baya, don da shi aka san shi a makaranta da wurin aiki.

Barista_Kd:
To nan ne aikin yake, ba a dokar ba. Wanda zai duba takardunka a can bai san cewa Mamman da Muhammadu da Mohamed mutum ɗaya ne ba, bai san muna ɗaukar sunan gari ko unguwa mu mayar sunan dangi ba. Abin da yake gani sunaye biyu ne, kai kuma kana cewa mutum ɗaya ne. Sai ka gina masa gada.

Ka tattaro duk takardar da ta haɗa sunayen biyu ko ta nuna wurin haihuwa. Tsohon fasfon Najeriya na mahaifinka shi ne zinariya, don za a ga an rubuta Dublin a wurin haihuwa, ga ranar haihuwa iri ɗaya. Fasfon kakarka na lokacin, idan an sa jaririn a ciki kamar yadda ake yi a da. Takardun makaranta, na fansho, takardar aure. Sannan rantsuwar kotu daga babban ɗan uwansa cewa sunayen na mutum ɗaya ne. Rantsuwa ita kaɗai ba ta da nauyi, kowa ya san yadda ake samunta, amma idan ta zo tare da tsofaffin takardu tana taimakawa.

Taka takardar fa, wace iri ce? Idan bayan 1992 aka haife ka, ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ake so. Idan kafin nan ne, hukumar tana ba da takardar tabbatar da haihuwa, ka haɗa da ta asibiti ko ta ƙaramar hukuma da aka yi tun lokacin. Takardar da aka yi kana jariri ta fi wadda aka yi bara daraja nesa ba kusa ba. Kuma kada ka kuskura wani ya ce zai "gyara" maka takarda ta dace da ta Dublin. Ranar da suka gano, ka ɓata gaskiyarka da hannunka. Idan suka yi shakka sukan nemi ƙarin hujja, wani lokaci har gwajin DNA.

Hajiya_Zinariya:
Barista ya gama magana. Mu dai Hausawa ba mu ɗauki takarda a bakin komai ba sai ranar da ta tashi. Mutum ya rasu da safe, kafin azahar an kai shi, wa yake tunanin takardar mutuwa? Dan_Fagge, kun yi wa mahaifinku?

Dan_Fagge:
Wallahi Hajiya ba mu yi ba. Ta asibiti kawai muke da ita.

Likita_Galway:
Ka je ka yi rajistar mutuwar a Hukumar Ƙidaya da wannan ta asibitin, za ka buƙace ta wajen yara. Bari in yi bayanin nasu, don a nan ne mutane suke asara ba su sani ba.

Hawa uku ne. Wanda aka haifa a tsibirin, mahaifinka. Ɗansa da aka haifa a waje, kai, ɗan ƙasa kai tsaye. Jikansa da aka haifa a waje, yaranka: suna da haƙƙi ta wajen kakansu, amma ba su zama 'yan ƙasa ba sai an shigar da su rajistar nan da Ma'aikatar Harkokin Waje ke riƙe da ita. Kuɗin Yuro 153 ne ga yaro, 278 ga wanda ya kai 18. Za a nemi takardun mutum uku: na yaron, naka, da na marigayi, har da takardar mutuwarsa. Ana jira, watanni ne ba makonni ba, don tun bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai masu nema suka yi musu yawa. A 2022 kaɗai fasfo sama da miliyan ɗaya suka fitar.

Abin lura: tun 1986, wanda aka yi wa rajista, daga ranar rajistar yake zama ɗan ƙasa, ba daga ranar haihuwa ba. Ma'ana, idan 'yarka ta girma ta yi aure ta haihu kafin a shigar da ita, wannan jaririn ya fita, babu gyara. Idan an shigar da ita kafin ta haihu, shi ma za a iya shigar da shi, haka abin zai yi ta tafiya. Mu da ake aurar da yara da wuri, wannan ba abin jinkiri ba ne. Naka fasfon ko shekara goma ka bari yana jiranka. Rajistar yaran ce take da agogo.

Yar_Damagaram:
Wannan ya faru a danginmu. Ɗiyar ƙanwar kakata, ta wajen kakanta Bature take da haƙƙin. Ta yi ta cewa sai an samu sarari. Ta haifi biyu, sannan ta yi rajista, ta haifi na uku. Yanzu autan yana da jan fasfo, yayyensa babu. Uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaki ɗaya suke kwana.

Abu_Sumayya:
Ni ban ga abin rawar jiki ba. Mutum yana zaune lafiya a garinsu, cikin 'yan uwansa, yana jin kiran salla sau biyar, sai ya ɗauki 'ya'yansa ya kai inda tarbiyya za ta gagare shi saboda takarda? Kakanku da ya ga ƙasar da idonsa ai dawowa ya yi.

Maman_Iman:
Malam Abu, wa ya ce ƙaura zai yi? Riƙe fasfo daban, tashi daban. Kai ba ka taɓa tsayuwa layin biza ba ne, ka biya kuɗi, a riƙe maka fasfo wata guda, a dawo maka da shi da 'yar takardar ƙi, kuɗin kuma sun tafi.

Abu_Sumayya:
Hajiya, yau fasfo ne, gobe yaro ya kai 18 ya ce shi ɗan can ne, ya sa ƙafa ya tafi, ba ki da ta cewa. Na ga irinsa.

Tsohon_Dalibi_Cork:
Malam Abu yana da hujja ta wani ɓangaren, tarbiyya a can sai an tsaya tsayin daka. Amma kada a ɗauka babu Musulmi. Masallacin South Circular Road a Dublin yana nan tun shekarun 1980, akwai na Clonskeagh da aka buɗe a 1996, har wani ƙaramin gari a yamma, Ballyhaunis, yana da masallaci tun shekarun 1980 saboda ma'aikatan mayankar nama. Alaƙarsu da mu ma ba ta yau ba ce. Ofishin jakadancinsu na Legas da suka buɗe a 1960 shi ne na farko da suka yi a Afirka, yanzu yana Abuja. Makarantar St. Louis ta Kano, 'yan Ayilan ne suka kafa ta, iyayenmu mata da yawa can suka yi.

Abin da zai kori mutum daga Dublin yau ba rashin masallaci ba ne, kuɗin haya ne. Ɗaki ɗaya sai ya cinye rabin albashi, shi ma in ka samu.

Bakano_Manchester:
Shi ya sa da yawa ba Ayilan ɗin suke zuwa ba. Da fasfon kana iya zama ka yi aiki a duk ƙasashe 27 na Tarayyar Turai. Sannan akwai tsohuwar yarjejeniyar zirga-zirga tsakaninsu da Birtaniya tun shekarun 1920, wadda ficewar Birtaniya ba ta taɓa ba. Ɗan Ayilan yana shigowa Ingila ya zauna, ya yi aiki, ya je asibiti, har zaɓe yana yi, babu biza. Yau ɗan Faransa ba shi da wannan, ɗan Ingila kuma ba shi da na Turai. Su kaɗai suke cin tudu biyu.

Dan_Fagge:
Ni gaskiya karatun yara ne a raina. Na ji jami'a kyauta ce ga 'yan ƙasa.

Likita_Galway:
Nan kam sai na rage maka murna. Tsarin da gwamnati ke biyan kuɗin karatun digiri na farko yana da sharaɗin zama: ɗalibin ya zauna shekara uku cikin biyar na ƙarshe a Tarayyar Turai, ko Birtaniya, ko Suwizalan da ire-irensu. Yaron da ya tashi a Kano ya gama sakandare a Kano bai cika wannan ba, ko da fasfo a aljihunsa. Ribar da zai samu ita ce ba ya neman bizar ɗalibi, kuma yana aiki ba tare da an ƙayyade masa awanni ba. Tallafin gwamnati ma haka, sai an tabbatar can ne mazauninka na dindindin. Zaɓe kuwa, ɗan ƙasa da ke zaune a waje ba ya jefa ƙuri'a. Abu mai daɗi ɗaya: ba kamar Amurka ba, ba sa bin ɗan ƙasa da haraji don fasfo kawai, inda kake zaune ake dubawa.

Maman_Iman:
Ba a amsa masa maganar uwargida ba fa. Ko an manta da mu ne?

Barista_Kd:
Tuba muke Hajiya. Aure ba ya ba ta ƙasa. A da akwai wannan hanyar, an rufe ta a Nuwamban 2005. Yanzu sai auren ya shekara uku, ta kuma zauna a tsibirin bisa izini shekara uku cikin biyar, ta ƙarshen a jere, sannan ta nema, Minista ya duba. Kafin nan ma sai ta nemi bizar bin miji, kuma za a duba abin da mijin yake samu.

Wani abin mamaki: sau da yawa ya fi sauƙi ɗan Ayilan ya kai matarsa Jamus ko Holan fiye da Ayilan ɗin kanta. Idan ya je aiki wata ƙasar Tarayyar, dokar Turai ta 2004 kan 'yancin zirga-zirga ce take aiki, ita kuma ta ba iyali haƙƙin bin sa. A ƙasarsa kuwa dokar cikin gida ce, ta fi tsauri.

Mai_Shayi_Online:
To mai mata biyu fa? Tambaya nake wa wani abokina.

Hajiya_Zinariya:
Abokin naka mun san shi, shayi yake sayarwa.

Barista_Kd:
Ka gaya wa abokin naka, a 2017 Kotun Ƙolin Ayilan ta yanke hukunci a shari'ar wani ɗan Labanan mai mata biyu: ta amince da auren farko, ba ta amince da na biyu ba. Amma wannan maganar matan ce. Yara kuwa ta jinin uba suke samu, ko ɗan uwargida ko ɗan amarya, matuƙar an tabbatar shi ne uban. Don haka Dan_Fagge, duk 'yan uwanka da kuke uba ɗaya matsayinku ɗaya, ko ɗakinku daban.

Dan_Fagge:
Tabɗi. Mu goma sha ne fa. Idan na faɗa a gida yau ba mai barci.

Ummi_Belfast03:
Sannunku iyayena. Don Allah ni ma a duba nawa. A Belfast aka haife ni a 2003, Abbana yana karatu a can. An ce mini ba ni da ta Birtaniya saboda bizar ɗalibi yake da ita. Belfast kuma ai Birtaniya ce, ko? Ina da ciki yanzu, a Abuja zan haihu in sha Allah.

Likita_Galway:
Allah ya raba lafiya, 'yata. Gaskiya ne tun 1983 Birtaniya ta daina ba da ƙasa don haihuwa kawai. Amma dokar Ayilan tsibirin gaba ɗaya take kallo, har da Arewacin, kuma an ƙarfafa hakan bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998. An haife ki kafin 2005, kina da haƙƙi, daidai da yarinyar shari'ar Chen da aka ambata a sama. Takardar haihuwarki daga ofishin rajistar Arewacin Ayilan za ki nema, ba Roscommon ba. Abin da za ki haifa kuma matsayin Dan_Fagge yake da shi, ba ya buƙatar rajista. Jikokinki ne za su buƙata.

Dan_Garwa:
Ku kuna da sa'a. Mu a Kamaru doka ba ta yarda babba ya riƙe ƙasa biyu ba. Duk ɗan wajenmu da ke karanta wannan ya yi tunani kafin ya taɓa.

Yar_Damagaram:
Mu a Nijar tun 2014 aka sake mana mara.

Dan_Maiwurno:
Ƙarin bayani ga masu lissafin Amurka. Ana cewa mai fasfon Ayilan ba ya neman biza, izinin ESTA kawai yake cikewa a intanet. Haka ne, amma ban da wanda yake riƙe da ƙasar Sudan, Iran, Iraƙi ko Siriya tare da ita, ban da kuma wanda ya shiga ƙasashe irin su Sudan, Libiya, Somaliya ko Yaman daga Maris 2011. Mu nan Sudan abin ya shafe mu kai tsaye, ku ma masu zuwa Khartoum karatu ko asibiti a shekarun baya ya shafe ku. Biza za ku nema kamar kowa.

Hajiya_Zinariya:
Ni Umara ce ta dame ni. An ce su a intanet suke cire bizar Saudiyya?

Bakano_Manchester:
Haka ne Hajiya, suna cikin ƙasashen da aka buɗe wa bizar intanet tun 2019, matata da ita take Umara. Amma idan za a shigo gida Najeriya a riƙe koren fasfo da rai, in ba haka ba sai ka nemi bizar shiga garinku.

Abu_Sumayya:
Har yanzu dai ban ji wanda ya amsa mini maganar tarbiyya ba. Kowa lissafin biza yake.

Maman_Iman:
Malam Abu, buɗe mata zaure nata daban, za mu zo. Nan tambayar takarda aka yi.

Dan_Fagge:
Na kira Baffa yanzu. Ya ce bai taɓa jin Baba ya rubuta wata takardar ajiye ƙasa ba, kuma tsohon fasfonsa na aikin Hajji yana wurin Inna, gobe zan je in duba abin da aka rubuta a wurin haihuwa. Shi kuma mai bizar ya sake kira, wai ya rage mini kashi ɗaya cikin uku.

Barista, idan na tarar an rubuta Kano a fasfon maimakon Dublin fa? Don Baffa ya ce a takardun makaranta Kano Kaka ya riƙa sa masa.

Barista_Kd:
To kada ka haɗa da wannan fasfon tukuna, kada kuma ka taɓa shi da biro. Nemo na kakarka na shekarun da suka dawo, da duk wata takardar karatun Kaka mai adireshin Dublin, ka gwada da adireshin da ke gidan sunan uba a takardar haihuwar. Ka rubuta wa ofishin jakadancinsu na Abuja ka faɗi yadda abin yake kafin ka biya komai. Ranar haihuwar fa, ɗaya ce a duka takardun, ko ita ma an taɓa ta lokacin shiga firamare?

Dan_Fagge:
Wannan sai na ga Inna.